Wadda Ta Biyo Saliha Daga Hanyar Zurmi

Babu wani abu a yammacin ranar da zai sa mutum ya ɗaga kai. Rana ta yi ja ta sauka bayan tsohon layin dogo, awaki sun dawo da kansu sun tsaya a ƙofar gida, hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa-ƙasa a unguwar saboda babu iska. Asma'u ta dawo daga asibiti tun bayan la'asar, ta cire fararen kayan aikinta ta rataye, ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana tuƙa tuwon dawa. Mijinta Malam Armiya'u, mai koyar da Larabci a wata sakandare a nan Ƙaura, yana alwala a gindin rijiya. 'Yarsu ta fari, Saliha, tana kishingiɗe a tabarma da cikinta na wata bakwai, tana tsince zogale a faifai.

Kwana huɗu ke nan da mijinta Kamalu, direban motar haya, ya kawo ta daga Zurmi goyon ciki. Sau biyu tana ɓari. Wannan ne na farko da ya zauna har ya yi ƙwari, saboda haka ko buta ba a barinta ta ɗauka.

Ladan ya ɗaga murya ya yi kabbara ta farko, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Ƙara ɗaya ce, mai nauyi. Dutsen ya gangaro a hankali ya faɗi kusa da turmi. Malam Armiya'u ya ɗago da ruwa a gemunsa, ya dubi katanga, ya ci gaba da wanke ƙafa. Sai na biyu ya faɗo, sai na uku, sai suka riƙa zuba ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, kamar mai jifan yana da lokacinsa. Malam ya fita da buta a hannu ya zagaya gidan. Lungu babu kowa, maza duk sun nufi masallaci. Da ya dawo ya tarar da Asma'u riƙe da ɗaya daga cikin duwatsun tana juya shi. Baƙi ne wuluk, ya bar mata toka a tafin hannu, kuma da ɗumi a jikinsa.

"Malam, taɓa ka ji," in ji ta.

Bai taɓa ba, domin idonsa yana kan Saliha. Faifan ya kife, zogalen ya watse a ƙasa. Tana zaune a miƙe sambal, yadda mai tsohon ciki ba ta iya zama, idanunta a buɗe suna kallon katangar gabas ba ƙiftawa.

"Ke, lahiya?" in ji Asma'u.

Bakin Saliha ya motsa. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Murya ce ta tsohuwa, busasshiya, kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba.

"Sun ƙone shi," ta ce. "Ƙurmus sunka ƙone shi."

Daga nan ta sulale gefe. Da Asma'u ba ta yar da muciya ta tare ta ba, da cikin ne zai fara taɓa ƙasa.

Shekara goma sha shida Asma'u ta yi tana aikin jinya, goma daga ciki a ɗakin hoton ciki. Ta ga suma iri-iri, don haka abin da ya fara zuwa ranta shi ne jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa. Ta ɗauko abin awo ta ɗaura wa 'yar a dantse. Jini daidai. Ta duba ƙafafu, ba kumburi. Washegari ta kai fitsarin Saliha aka gwada, aka ɗibi jini aka duba zazzaɓin sauro da sukari, takardu suka dawo babu komai. Saliha kuwa da rana lafiyarta lau, sai dai shiru da yawan barci, ba ta tuna abin da ya faru.

Amma kullum rana ta kama faɗuwa sai gidan ya canza. Kaji su shige akurki tun kafin lokacinsu. Asma'u ta ji tsikar jikinta tana tashi tun kafin dutsen farko. Bayan jifan sai a ji wata murya daga bayan katanga, inda babu komai sai juji, murya ce ta mace tana rarrashin jariri, ƙasa-ƙasa, ba a jin kalmomin. Sai Saliha ta miƙe. Wani lokaci ta nufi ƙofa, wani lokaci ta ƙame ta fara bankarewa, sai uwa da uba sun haɗu sun riƙe ta. Malam Armiya'u ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ya yi tofi a ruwa an ba ta an shafa mata. Abin ya kan lafa zuwa lisha, gobe ya dawo kamar ba a yi komai ba. Maƙwabta suka fara shigowa jaje, daga baya suka koma gaisuwa daga zaure, daga baya kuma suka daina ratsa lungun da yamma.

A kwana na tara, da hantsi, Saliha ta kamo hannun uwarta ta ɗora a cikinta.

"Inna, tun jiya ban ji motsi ba."

Asma'u ta danna nan ta danna can, ta ba ta ruwan sanyi, ta kwantar da ita a gefen hagu suka jira. Shiru. Ta miƙa mata hijabi, ta fita ta tsayar da keke napep.

Ɗakin hoton ɗan ƙarami ne, taga ɗaya da baƙin labule, gado ɗaya, sai na'urar a kan tebur mai taya. A nan Asma'u ta karɓi mata da ba ta san adadinsu ba, daga Moriki, daga Shinkafi, daga ƙauyukan da yanzu babu kowa a cikinsu. Da yawansu ba su taɓa buɗe ciki a gaban namijin da ba nasu ba, sai sun ga fuskarta suke yarda su hau gadon. Ita ke gaya wa mai zuwa hoton hanta ta kwana ba ta ci komai ba, ita ke gaya wa mai hoton mara ta sha ruwa ta riƙe fitsari. Ita ke riƙe hannu idan labarin bai yi daɗi ba.

Ranar ma haka ta yi, kamar hannuwanta ne ke aikin su kaɗai. Ta ba Saliha ruwan leda uku ta shanye, ta ce kada ta zaga sai an gama, domin idan mara ta cika ƙasan mahaifa ya fi fitowa sarai. Da lokaci ya yi ta taimaka mata ta hau gado, ta cusa filo a ƙarƙashin ƙugunta na dama don kada nauyin cikin ya danne ta jiri ya ɗebe ta. Ta rufa mata zane daga ƙirji, wani daga cinya, ciki kaɗai ta bari. Ta murza robar man shafawar a tafukanta don ya rage sanyi. Har maganar da take yi wa kowa ta yi mata.

"Ba allura, ba yanka, ba zahi. Sanyi kaɗai za ki ji."

Mahmud, mai ɗaukar hoton, wanda suka shekara shida suna aiki tare, ya shigo da sallama ya zauna bai dubi fuskar kowa ba. Ya ɗora kan na'urar a cikin, ya zaga da shi sannu. Allon ya cika da inuwoyi fari da baƙi. Asma'u ta ga kai, ta ga jerin ƙashin baya, ta riƙe numfashi. Can a tsakiyar ƙirjin wani ɗan abu yana ƙiftawa. Mahmud ya murɗa sauti, ɗakin ya cika da bugu mai sauri, kamar ana daka a gida na uku.

"Da rai, Sista," ya ce. "Barci ne kawai."

Hawaye suka gangaro wa Saliha ta gefen ido suka shige kunnenta. Mahmud ya kashe sautin, ya gangara da na'urar ƙasa wajen mara. Nan ya tsaya. Ya koma sama, ya sake gangarowa, ya karkata hannu, ya yi shiru. Asma'u ta san wannan shirun. Sau da yawa ta tsaya a cikinsa tana shafa kan 'yar wani.

"Sista, kin gani?"

"Na gani."

Mabiyiya ce ta sauko ta zauna a bakin mahaifa, ta rufe hanya ruf. Ma'anarsa ba sai an faɗa mata ba. Saliha ba za ta haihu da kanta ba, sai an yi mata aiki. Kafin ranar kuma ba ɗaukar kaya, ba jijjiga, ba faɗuwa, domin jini yana iya ɓallewa ba tare da ciwo ko gargaɗi ba, kuma irin jinin nan ba ya jira. Dole a sake hoton bayan 'yan makonni a ga inda aka kwana. Asma'u ta tuna yadda yarinyar ke bankarewa kowace magariba.

Ba ta gama tunanin ba hannun Saliha ya cafke wuyan hannun Mahmud.

"Ɗauke shi."

Busasshiyar muryar nan ce, da tsakar rana, a cikin asibiti.

"Ɗauke abin ga. Kukanshi na huda min kunne."

"Ai na kashe sautin," in ji Mahmud.

"Ku ba ku ji. Ni ina ji."

Bayan Saliha ya ɗaga daga gadon kamar baka. Asma'u ta faɗa kanta ta rungume ƙugun da dukkan ƙarfinta, tana innalillahi, man shafawar yana manne mata a kumatu. Sai da Mahmud ya fizge hannunsa ya zare wayar na'urar daga bango sannan jikin ya saki.

Likita ya ba su gado a ɗakin masu ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai irin wannan matsala. Kwana ɗaya suka yi. Da magariba duwatsu suka sauka a kan kwanon ɗakin, mata masu ciki suka riƙa dirowa daga gadajensu suna salati, wata ta fita a guje da ledar ƙarin ruwa a hannu. Mutum huɗu suka riƙe Saliha. Da safe likitan ya kira Asma'u gefe.

"Sista, allurar da za ta kwantar da ita za ta taɓa yaron. In na ciro shi yanzu kuma, bai isa haihuwa ba. Abin da na sani na yi. Ɗayan kuwa ba a koya min shi ba."

Haka ta mayar da 'yarta gida. Ta shimfiɗa katifu biyu a ƙasa, ta kwashe duk wani abu mai kaifi daga ɗakin, ta ɗauki hutu daga aiki. Ta san sunan ciwon da Turanci, ta san yawan jinin da mace ke iya zubarwa kafin ta tafi, ta san minti nawa ne daga ƙofarta zuwa ɗakin tiyata. Duk sanin nan bai hana dutse ɗaya faɗowa ba.

Malam Armiya'u ne ya ce a nemo Malam Zakariyya na Shinkafi, tsohon da ya karantar da shi tun yana saurayi. An same shi a waya ya ce zai zo. Amma a makon 'yan bindiga sun tare hanya, mota ba ta shiga ba ta fita. Kwana uku suna jira, magariba uku Asma'u tana kwance a bayan 'yarta ta zagaye cikin da hannuwa biyu, tana jin yaron yana harbawa a ƙarƙashin tafinta yayin da uwar ke fizge-fizge. A rana ta huɗu Kamalu ya bi ayarin motocin da sojoji suka raka, ya ɗauko tsohon. La'asar sakaliya suka iso.

Malam Zakariyya ɗan siriri ne, idonsa ɗaya ya yi fari, ba ya ɗauke da komai sai carbi da sanda. Kafin ya shiga ɗakin Asma'u ta durƙusa a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, ina da roƙo. Kada a doke ta, kada a yi mata hayaƙi, kada a danne cikin. In ta yi jijjiga da yawa jini zai ɓalle, kuma in ya ɓalle ana iya rasa su duka biyu."

"Ni ba ni duka, ba ni hayaƙi," in ji tsohon. "Karatu ɗai ne. Amma ba ni yi miki alkawarin ba ta motsawa, wanga ba hannuna yake ba. Ke kin san jikinta, riƙe ta yadda kinka sani."

Ta kwantar da Saliha a gefen hagu, ta sa filo tsakanin gwiwoyinta, ta zauna a bayanta ta tallafe cikin. Malam Armiya'u ya riƙe ƙafafu. Kamalu ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa saboda kunyar surukai. Hasken da ke shigowa ta taga ya riga ya zama ruwan goro.

Tsohon ya fara da Fatiha, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. Ya shiga Ayatul Kursiyyu, ya maimaita, ya sake maimaitawa. A karo na bakwai jikin Saliha ya ɗauki rawa. Da ya shiga farkon Saffati sai ta saki wata ƙara da ta sa awaki a waje suka tsinke igiya.

"Bari! Ya isa, tsoho, kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?"

Ya ci gaba da karatu.

"Tambara," muryar ta ce da ƙyar. "Tambara sunana."

"Musulma ko kahira?"

"Musulma."

"To mi ya kawo Musulma jikin ɗiyar Musulmi, da ciki gare ta?"

Sai muryar ta karye, ta koma irin rarrashin nan da suke ji bayan katanga. Ta ce a wata tsamiya take zaune, a bakin wani ƙauye kan hanyar Zurmi, tun kakannin mutanen ƙauyen ba a haife su ba. Ba ta taɓa cutar da kowa ba, yaransu a inuwarta suke wasa. Sai masu bindiga suka zo suka kori mutanen, suka cinna wa rumbuna wuta, wutar ta kama tsamiyar. Ita ta fita. Ɗanta yana cikin kogon itacen, bai fita ba.

"Ina zaune cikin toka ban san kwana nawa ba. Sai mota ta tsaya tana hayaƙi. Wagga ta sauko ta zauna bisa kututturena. Na ji zuciya biyu na bugawa jiki ɗaya. Sanyi nike ji, tsoho. Na shiga."

Malam Zakariyya ya juya wajen ƙofa. Kamalu bai ɗago ba.

"Haka anka yi, Malam. Ruwan mota ya tafasa, munka tsaya. Ta ce bayanta na ciwo, ni na nuna mata wurin zaman."

Tsohon ya gyaɗa kai ya koma ga mai kwance.

"An zalunce ki, Tambara, ban musa ba. Amma ba wagga yarinya ta zalunce ki ba. Yau za ki hita."

"In hita, a bar min na cikin. Ita ta samu wani."

Asma'u ta ji hannuwanta sun ƙara matse cikin ba da saninta ba.

"Ba naki ba ne, ba nawa ba ne da zan ba ki," in ji Malam, ya koma karatu. Jikin ya bankare, diddige suna dukan hannun Malam Armiya'u. Asma'u ta ji cikin ya ƙulle ya yi tauri kamar dutse a ƙarƙashin tafinta, ta san naƙuda ce ke neman tasowa ba lokacinta ba.

"Malam, a sassauta," ta ce. "Don Allah a sassauta."

Bai sassauta ba.

"To in zauna har ta haihu!" muryar ta yi ihu. "In ji kukanshi sau ɗaya, in tahi!"

"Ko kwana ɗaya ba ki ƙarawa."

Numfashin Saliha ya riƙa fita da ƙyar. Can kanta ya juyo a hankali, har idanunta suka sauka a kan uwarta. Idanun Saliha ne, amma mai kallon ta cikinsu daban ce.

"Ke uwar, da ke nike. Ki rantse ba a sake aza mata abin nan mai kuka, har ta haihu. Ki rantse, in hita yanzu ban taɓa ko gashin kanta ba. In ba haka ba, kin san abin da ke ƙasa. Na ga inda ya zauna."

Bakin Asma'u ya buɗe. Kalma ɗaya ce tsakaninta da ƙarshen wannan azaba, har ta taho kan harshenta. Malam Zakariyya ya ɗaga sandarsa kaɗan.

"Ɗiyata, tsaya. Ana iya hidda yaron lahiya ba a sake dubawa ba?"

Asma'u ta dubi cikin da ke hannunta. Hawaye suna ɗiga a kafaɗar Saliha.

"Ba a iyawa, Malam. Likita ba shi yanka a makance."

"To kada ki rantse kan abin da za ki karya. In kinka karya, kin buɗe mata ƙohwa da hannunki."

Asma'u ta sunkuya ta sa bakinta a kunnen 'yarta. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar ta kira.

"Saliha. Saliha, Inna ce. Ina nan riƙe da ke."

Tsohon ya ɗaga murya a karo na farko. Ya karanta Falaƙi da Nasi yana tofawa, ya ce da mai maganar akwai kukoki a hayin gulbi, inda babu gida babu gona, ta tafi can ta zauna ta bar wa Allah waɗanda suka ƙona mata gida, Shi ba Ya mantuwa. Muryar ta yi ta kuka, kuka mai tsawo wanda ya sa har Malam Armiya'u ya kau da kai. Daga baya ta ce ta yarda. Ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta daga wuta cewa ba za ta dawo ba, ba ga Saliha ba, ba ga abin da za ta haifa ba. Ta rantse sau uku, kowace rantsuwa ta fi ta baya nisa.

"Ta ina za ki hita?"

"Ta ƙahwa."

Babban yatsan ƙafar hagu ya yi karkarwa a hannun Malam Armiya'u, ya miƙe, ya saki. Saliha ta yi atishawa uku, jikinta ya yi laushi, ta koma numfashin mai barci.

Ba wanda ya motsa. A waje ladan ya fara kiran magariba. Suka saurara har ya kai ƙarshe, kwanon ɗaki shiru, bayan katanga shiru. Kamalu ya kifa goshinsa a ƙasa yana hamdala.

A lokacin ne Asma'u ta ji ɗumi yana ratsa zanenta a gwiwa. Ta zaro hannu ta ɗaga shi wajen sauran hasken taga. Jini ne.

"Kamalu, tada mota."

Ba ta iya tuna hanyar ba daga baya. Ta dai tuna ta ɗaga ƙafafun Saliha a kan cinyarta, tana ƙirga bugun jijiyar wuyanta. Daga masallacin asibiti aka kira Mahmud, ya zo da gudu ba takalmi. A ɗakin hoton Asma'u ta ɗauki robar man shafawar, robar ta suɓuce ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado. Wata nas ta janye ta gefe a hankali ta karɓi aikin. Mahmud ya ɗora na'urar. Saliha ba ta motsa ba, ba wata murya da ta yi magana. A allon ɗan abin nan yana ƙiftawa, amma a hankali, a hankali ƙwarai.

"Tiyata, yanzu," in ji likita.

A ƙofar ɗakin tiyatar aka tsayar da ita. Ta ce ita ma'aikaciya ce, aka ce yau uwa ce. Aka wuce da Kamalu da Malam Armiya'u ɗibar jini. Ta zauna a benci tsakanin wasu mata biyu da ba ta sani ba, da jinin 'yarta yana bushewa a zanenta, ɗayarsu ta kama hannunta ta riƙe ba ta tambaye ta komai ba.

Mace aka ciro, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Kwalbar da ake saka bakwaini ta lalace tun watan jiya, saboda haka aka kwantar da ita a ƙirjin kakarta, fata da fata, aka ɗaure da zane, aka ce kada ta sauke ta. Saliha kuwa leda huɗu ta sha na jini, likita ya ce sai dai a jira.

Sai washegari bayan azahar ta buɗe ido. Ta dubi silin, ta dubi ledar da ke rataye, ta dubi uwarta da ke zaune a gefen gado cikin babban hijabi.

"Inna, mun iso Ƙaura?"

"Kun iso."

"Motar ce ta lalace muna a hanya." Ta nemi sauran a ranta, ba ta samu ba. Hannunta ya tafi kan cikinta, ya tarar da filasta da wuri fayau. Fuskarta ta canza. "Inna, ina cikina? Ya sake zubewa ko?"

Asma'u ta girgiza kai. Ta matso da kujera har ta taɓa gadon, ta ɗage hijabin. Ga ɗan kai kamar lemun tsami babba, da hula da ta yi masa yawa, ga ɗan hannu a dunƙule a kan ƙashin wuyanta.

Saliha ta daɗe tana kallo, tana tsoron miƙa hannu.

"Da rai?"

Asma'u ta kamo hannun 'yarta ta ɗora a bayan jaririyar, ta danne shi da nata, ta bar shi a nan har ta ji da kanta.